Gaba Goma Sha Ɗaya

Baffa Nomau ke ciki, ni ke baki.
Shi da dagi, ni da igiya da tsohon bokiti.
Gabas da Gwaram, bayan an kai dawa rumbu,
muka fasa rijiya a gonar Tabawa.

Ba na ganin fuskarsa, sai ƙeya,
sai abin da ya aiko mini sama.
A haka na yi karatun ƙasa,
bokiti bayan bokiti, ba allo ba tawada.

Gabar farko rairayi ce, mai sauƙin kai,
ƙasar gyaɗa, da saiwoyi, da hanyar gara,
da tsingaron tukunyar wata mata
wadda ba mai tuna sunanta yanzu.

Sai jangargari ta biyo,
ja wur kamar bakin mai cin goro.
Ta rina tafina, ta rina wandona,
Inna ta yi ta mita ranar wanki.

A gaba ta huɗu dagi ya yi ƙara.
Marmara ce, mai huji kamar saƙar zuma.
Murya ta taso daga ƙasa:
"Jinjina ta, yaro. Ƙarfe ke barci a ciki.
Da danginta aka ciyar da maƙera
kafin ƙarfen mota ya kashe kasuwar tama."

Kwana tara muka yi a kanta.
Dagi biyu suka dakushe.

Ƙarƙashinta yumɓu, fari-fari, mai sanyi.
Tabawa ta zo da ƙwarya ta ɗiba,
ta ce ko ba a sami ruwa ba
ita dai ta sami tulu.

A gaba ta tara dutse ya zo, amma ruɓaɓɓe.
Na murza shi, ya watse a hannuna gida uku:
ƙwaya mai haske kamar gishirin da ba ya narkewa,
wata fara mai komawa gari,
da baƙin ɓawo mai ƙyalli, mai manne wa gumi.
Na yi ihu na ce zinari!
Dariyar Baffa ta daɗe kafin ta iso baki.

Ran Juma'a Ɗanladi, ɗan Tabawa,
mai karatu a Dutse, ya tsuguna kan tarin.
Ya ce dutsen nan dā wuta ne,
kunu mai tafasa a cikin cikin ƙasa,
ya huce a hankali, ba mai fifita shi,
har kowace ƙwaya ta sami lokacin girma.
Sannan damina dubu bisa dubu ta jiƙa shi:
farar ta zama yumɓu,
mai taurin kan ta zama rairayi,
baƙar ta yi tsatsa, ta rina sauran ja.

Na dubi tarin da na ja da kafaɗata.
Ashe duk dutse guda nake ta ja,
daga jikoki zuwa kaka.

Baffa ya ce, "Na san yana ruɓewa.
Ban san ya taɓa tafasa ba.
To, malaminku ya faɗa muku inda ruwa yake?"
Ɗanladi ya sosa kai.

A gaba ta goma sha ɗaya bokiti ya yi nauyi,
ya zo yana ɗiga a kan yatsun ƙafata.
Shiru. Sai na ji ya kurɓa.
"Babu zartsi," ya ce. "Kira Tabawa."

Bara muka kai shi makwanci.
Ni na riƙe dagin. Ramin bai cika gaba ba:
rairayi, saiwoyi, sai ja ya fara leƙowa,
aka ce ya isa.
Ni kaɗai a wurin na san abin da ke ƙarƙashinsa,
marmara, yumɓu, dutse mai ruɓewa,
da ruwa, can ƙasa, yana tafiyarsa.

Yanzu ni ke ciki.
Wani yaro ke baki, ba ya ganin fuskata.
Jiya ya yi ihu ya ce zinari.